Tarihin Kantin Intanet, da Abin da Ke Sa Ya Karɓu

Sana'ar gina wa 'yan kasuwa shafukan intanet ba ta daɗe a duniya ba, gama shekarunta ba su wuce talatin da 'yan kai ba, amma a cikin wannan ɗan taƙi ta ga dukiyoyi masu ɗimbin yawa sun salwanta, waɗansu kuma sun bunƙasa, har ma'abotanta suka yi ittifaƙi a kan waɗansu ƙa'idodi da ba su samu ba sai bayan hasara mai ɗaci. Asalin al'amarin daga cibiyar binciken kimiyya ta CERN ne, a ƙasar Suwizalan, inda wani Baturen Ingila mai suna Tim Berners-Lee ya kawo shawara a 1989 cewa a ƙago hanyar da masana za su riƙa karanta takardun juna daga kwamfutocinsu. Shafin farko ya bayyana ga jama'a a 1991, rubutu ne zalla, ba hoto ba launi. Ran 30 ga Afrilu 1993 cibiyar ta sallama wannan fasaha ga kowa kyauta, a shekarar nan kuma manhajar Mosaic ta fito, wadda ke nuna hoto tare da rubutu a fuska ɗaya. Daga nan sai 'yan tijara suka farga.

A watan Yuli na 1995 Jeff Bezos ya buɗe Amazon a birnin Siyatil na Amurka, yana sayar da littattafai, a watan Satumba kuma Pierre Omidyar ya kafa dandalin gwanjon da daga baya aka sani da eBay. Dukansu biyu mas'ala ɗaya suka tarar, wadda kuwa tsohuwa ce ƙwarai, wato yadda mutum zai yarda ya ba da kuɗinsa a kan hajar da bai taɓa da hannunsa ba, ga wanda bai taɓa ganin fuskarsa ba. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta babin ciniki a Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani ya san malaman Malikiyya sun tattauna wannan tun fiye da shekara dubu da suka shige, suka halatta sayar da abin da ba ya nan bisa sifa, suka kuma halatta sayen abin da ke cikin ɗauri bisa takardar da ta bayyana shi, da sharaɗin sifar ta zama sananniya, domin a kauce wa garari. Shafin ɗan kasuwa, in an duba haƙiƙaninsa, wannan takarda ce ta sifa, saboda haka kyansa na farko shi ne ya siffanta haja da gaskiya, ya faɗi farashi a fili, ya bayyana ko wane ne mai sayarwa.

Waɗanda suka yi nasara a farkon zamanin nan, ta wannan ƙofa suka shiga. Amazon ta bar masu saye su rubuta ra'ayinsu a ƙarƙashin kowane littafi, ko yabo ko suka, alhali kuwa waɗansu masu buga littattafai sun ƙi jinin haka, suna ganin mai shago ba ya barin a kushe kayansa a bakin ƙofarsa. A 1996 eBay ta shigo da tsarin shaida, inda mai saye da mai sayarwa kowa ke ba da shaidar halin ɗan'uwansa bayan an gama ciniki, har mutum ya tara suna ko ya zubar da shi a idon duniya. Kamfanin Netscape kuma a 1995 ya fitar da hanyar ɓoye bayanai tsakanin mai saye da shafi, domin kada ɓarawo ya tsinci lambar katin banki a hanya. Duk waɗannan ba ado ba ne, dabarun tsare amana ne.

Sai dai kuma zamanin ƙawa ya biyo baya. Da manhajar Flash ta yaɗu a ƙarshen shekarun 1990, sai masu zayyana suka shiga tsere, kowa na son shafinsa ya yi rawa, ya yi kiɗa, rubutu na walƙiya, har akan tsayar da baƙo ya kalli wani wasan hotuna kafin a bar shi ya ga abin da ya zo nema. Tun a 1996 Jakob Nielsen, masani ɗan ƙasar Danmak, ya wallafa jerin kurakurai goma na masu wannan sana'a, a ciki har da rubutu mai motsi da jinkirin buɗewa, amma a lokacin kuɗi na kwarara, nasiha ba ta da kasuwa.

Babu ƙissar da ta fi ta boo.com bayyana illar wannan hali. Waɗansu matasa uku 'yan ƙasar Suwidin, Ernst Malmsten da Kajsa Leander da Patrik Hedelin, suka kafa kamfanin a Landan domin sayar da tufafi da takalman wasanni na alfarma, manyan attajiran Turai kuma suka zuba musu jari. Suka gina shafin da ba a taɓa ganin irinsa ba: mutum na iya juya takalmi ya duba shi ta kowace fuska, ga kuma wata 'yar tsana ta zane, Miss Boo, tana ba da shawara. Bayan jinkiri na watanni aka buɗe shi a Nuwamba 1999. To, amma galibin mutane a wancan lokaci ta layin tarho suke shiga intanet, a hankali ƙwarai, sai ya zamana mai saye ya zauna yana jiran shafi ya buɗe har haƙurinsa ya ƙare, waɗansu kwamfutocin ma sam ba sa iya buɗe shi. A watan Mayu na 2000 kamfanin ya rushe, bayan ya cinye kimanin dala miliyan 135 cikin wata 18. Lalle akwai almubazzaranci a sha'anin tafiyar da shi, amma a ganina babban laifin shi ne sun gina shafin domin idon masu jari da 'yan jarida, suka manta da mutumin da ke zaune a ɗakinsa da tsohuwar kwamfuta da kuɗinsa a hannu. Misalinsu kamar mai shagon da ya kashe jarinsa wajen fenti da fitilu, sa'an nan ya sa ƙofar da sai an yi rarrafe ake shiga. A daidai wannan lokaci Google, wanda Larry Page da Sergey Brin suka kafa a 1998, farin shafi ne kawai da gurbin rubutu guda, ga shi kuwa har yau yana nan.

Abin da ya biyo baya gajere ne a faɗa. A 2007 wayar iPhone ta fito ba ta karɓar Flash. A 2010 Ethan Marcotte ya bayyana hanyar gina shafi ɗaya mai daidaita kansa da girman kowace fuska, ta waya ko ta kwamfuta. A 2015 Google ya fara fifita irin waɗannan shafuka ga masu bincike ta waya. A ƙarshen 2020 kuma kamfanin Adobe, mai manhajar Flash, ya yi mata sallama baki ɗaya.

Akwai wani haƙƙi da ba na son a wuce shi, shi ne na makafi, waɗanda manhaja ke karanta musu abin da ke shafi da murya. Idan mai zayyana ya sa hoto bai rubuta bayaninsa ba, makaho ba shi da hanyar sanin abin da ke wurin. A 2006 ƙungiyar makafin Amurka ta kai kamfanin Target ƙara a kan haka, a 2008 aka yi sulhu a kan dala miliyan 6. Ko da babu kotu, rufe wa miskini ƙofar ciniki abin kunya ne ga mai mutunci.

A ƙasarmu kuwa mas'alar amana ta fi ko'ina tsanani, shi ya sa da kantunan intanet na Jumia da Konga suka buɗe a Legas a 2012, sai da aka haɗa da tsarin biya bayan kaya sun iso hannu kafin jama'a da yawa su saki jiki. Mai sayenmu a waya yake, datarsa da kuɗi ya saya, sabis ɗinsa yana zuwa yana ɗaukewa, kuma ya sha jin labarin 'yan damfara. Saboda haka ina kira ga duk ɗan kasuwar da zai ba da aikin gina shafi, kada ya karɓi aikin a kan babbar kwamfutar mai zayyana. Ya ari ƙaramar waya mai araha, ya buɗe shafin a inda sabis ke da rauni, ya duba ko farashi da adireshin shago da lambar waya da sharaɗin mayar da kaya sun bayyana ba tare da wahala ba, ya kuma tabbata hoton da aka sa na ainihin hajarsa ne. In ɗaya daga cikin waɗannan ya gaza, ya mayar da aikin a gyara kafin ya biya.