Duba-gari Ba Famfo: Waiwaye a Kan Tarihin Kiwon Lafiyar Jama'a a Yola da Jimeta

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa tsarin kiwon lafiyar jama'a na zamani ya iso Arewacin Nijeriya ne rabi da rabi: doka ta iso, amma tsabtataccen ruwa da magudanai suka tsaya a baya. Za a ɗauki Yola da Jimeta a matsayin misali.

Tushen Tsarin

A ƙarni na 19 masana'antu sun jawo talakawan Ingila daga ƙauyuka zuwa birane irin su Manchesta da Landan, inda suka cunkushe a lunguna marasa masai, kwalara ta yi ta kashe su. A 1842 Edwin Chadwick ya fitar da rahoton da ya danganta cututtukan da ƙazanta, aka kafa dokar lafiyar jama'a a 1848. A 1854 likita John Snow ya gano cewa ruwan wani famfo ne ke yaɗa kwalara a wata unguwar Landan. Bayan 1858 aka shiga gina wa birnin manyan magudanai.

Yadda Ya Iso Adamawa

Modibbo Adama ya kafa Yola a 1841, Turawa suka ci ta a 1901. Jimeta kuwa ba masana'anta ce ta raya ta ba, ciniki ne. A tasharta ta bakin Binuwai jiragen ruwa kan tsaya da damina su ɗebi gyaɗa da ƙiraga, don haka 'yan ƙwadago da fatake suka taru. Sai dai a Arewa abin da gwamnatin Lugga ta fi bai wa muhimmanci shi ne kare Bature daga sauro. Tsarin garuruwa na 1917 ya tanadi filin yadi 440 tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa. Talaka kuwa rabonsa shi ne duba-gari, mai leƙa randa da masai, wanda in ya ga tsutsar sauro sai tara ta hau kan maigida. Ko Kano, sai a 1931 ta sami ruwan famfo daga Challawa.

Abin da Aka Gada

Da Yola ta zama hedkwatar Jihar Gongola a 1976, sai unguwanni irin su Luggere da Jambutu suka cika, rijiya da masai suka zama maƙwabta. Kwalara ta shigo Nijeriya a ƙarshen 1970, ta yi mummunar ɓarna a 1991, ta kuma ɓulla a Jimeta a 2024. Tun da aiki ya kawo ni unguwar Bako, na lura gidaje da dama da 'yan garuwa suka dogara.

Kammalawa

An ce rigakafi ya fi magani. Amma tarihin Landan ya nuna cewa rigakafin kwalara aikin hukuma ne kafin ya zama na maigida. Muddin babu famfo da magudana, tarar duba-gari ba za ta hana amai da gudawa ba.