Tuta da Gadon Sarauta: Yaƙin Zazzau da Wani Yaƙi a Ƙasar Polan

Duk yaron da ke karatu a Wusasa, ko a makarantun cikin birni, ya san ganuwar Zariya da ƙofofinta, ya kuma san dutsen Kufena. Amma ba kowane ya san abin da ya sa ake kiran sarakuna biyu Sarkin Zazzau ba, ɗaya a Zariya, ɗaya can kudu a Suleja. Dalilin yaƙi ne. Za mu ba ku labarinsa, sa'an nan mu gwada muku wani yaƙi na ƙasar Turai, don akwai tambaya ɗaya da ta tsaya wa mutanen ƙasashen nan biyu a maƙogwaro.

A watan Fabrairu na 1804 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu, saboda tsanantawar Sarkin Gobir Yunfa. A watan Yuni aka kara a Tabkin Kwatto, jama'ar Shehu suka rinjaya. Sai Shehu ya aika wa sarakunan Hausa takardu, yana kiransu su taimaki gaskiya, su bar zalunci da al'adun da Shari'a ta hana. Sarkin Kano da na Katsina suka ƙi. Sarkin Zazzau Jatau kuwa ya karɓa, saboda haka muddar ransa ba wanda ya ɗaga wa Zazzau takobi. Da ya rasu ɗansa Muhammadu Makau ya hau, sai ya juya wa wannan alkawari baya.

Shehu ya ba wani almajirinsa tuta, Malam Musa Bamalle, wanda ya san Zazzau, ya kuma yi koyarwa a cikinta. Malam Yamusa, Bafillacen Barno, ya rufa masa baya. Masu bin takardun Sakkwato sun lissafa cin birnin a ƙarshen 1808, littafin tarihin Abuja kuwa, wanda Malam Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi suka rubuta, ya ce 1804. Mutanen Abuja sun ce mayaƙan sun riski Makau yana masallacin idi a bayan gari, ba shirin yaƙi. Ya nemi komawa birni, ya tarar masu goyon bayan Malam Musa na ciki sun rufe ƙofa. Sai ya yi kudu da jama'arsa. Kauru ta hana shi shiga, Kajuru ta sauke shi, aka bi shi can aka kewaye garin, ya fita ya nufi Zuba. Ya yi ta yaƙi har 1825, shekarar da aka kashe shi a Lapai.

Ƙanensa Abubakar, wanda ake ce wa Abu Ja don hasken fatarsa, shi ya gaje shi. A 1828 ya fara gina gari, garin ya ci sunansa, Abuja. Sarakunan Zariya sun yi ta kai masa hari ba su ci shi ba, har Turawa suka zo a 1902. Da aka zaɓi wurin sabon babban birnin Nijeriya a 1976, aka ɗauki sunan Abuja aka ba shi, tsohon garin ya koma Suleja.

To, ku lura da abu ɗaya. Ko a bakin mutanensa, sarkin nan a wurin salla aka same shi. Ina halaccin yaƙar mai salla? Ba mu muka fara wannan tambaya ba. A 1808 masu tuta suka ci Birnin Gazargamu, hedkwatar Barno, ƙasar da ta yi ɗaruruwan shekaru cikin Musulunci. Malamin da ya ƙwato birnin, Shehu Laminu, watau Muhammadu al-Amin al-Kanemi, ya rubuta wa Sakkwato. Hujjarsa ita ce, cin hanci da cin dukiyar maraya da fitar mata ba lulluɓi duk saɓo ne, amma saɓo bai mai da mutum kafiri, ba kuwa ƙasar Musulmi da ta rasa masu saɓo. Muhammadu Bello ya amsa cewa ba saɓo kaɗai ya jawo yaƙin ba. Sarakunan Hausa ne suka fara auka wa jama'a, Barno ta taimake su, wanda ya taimaki maƙiyan Musulmi a kan Musulmi kuwa ya shiga hukuncinsu. Abin yabo a nan, Bello bai ɓoye maganar abokin gardamarsa ba. Ya sa takardun cikin littafinsa Infaƙul Maisuri, kowa ya karanta ya auna.

Yanzu mu ƙetare zuwa Turai, shekara wajen 400 kafin Makau. Zamanin yaƙe-yaƙen Ƙudus, a 1190, waɗansu Jamusawa suka kafa gidan jinya a Akka. Ba a daɗe ba suka zama ƙungiyar barade masu alwashin addini: ba aure, ba dukiyar kai, sai biyayya ga shugaba. Suna sa farin mayafi mai baƙin gicciye, don haka mutanen Polan ke kiransu masu gicciye. A 1226 wani hakimin Polan, Konrad, ya gayyato su su tsare masa iyaka daga arnan Furushiya. Ashe ya sayi kura ta yi masa kiwo. Suka cinye Furushiya, suka mai da ita ƙasarsu, a 1308 suka kame birnin Gidansk na bakin teku, suka toshe wa Polan hanyar ciniki.

Saura arnan Lituweniya, su ne hujjar zaman baraden a can. Sai a 1386 sarkin Lituweniya, Yagelo, ya karɓi addinin Kirista, ya auri sarauniyar Polan Yadwiga, ya zama sarkin Polan. Da ba arna, wa za a yaƙa? Baraden suka ce tuban nan na baka ne, suka ci gaba da kai hari. Yaƙi ya tashi sosai a 1409. Ran 15 ga Yuli 1410 aka haɗu a filin Gurunwal. Shugaban baraden, Ulrich von Jungingen, ya aika wa Yagelo takubba biyu tsirara, don tsokana. Yagelo ya karɓa. A rundunarsa akwai Polawa da Lituwaniyawa a ƙarƙashin ɗan'uwansa Witautas, har da mahayan Tatar, Musulmi. Kafin faɗuwar rana an kashe shugaban baraden da yawancin manyansu. Amma babbar ganuwarsu, Malbok, ta gagara, aka yi sulhu a Torun a 1411, suka biya fansa mai nauyi.

Nan ma takobi bai kashe gardama ba. Aka kai ta babban taron malaman Kirista a Kwanstans, wanda ya zauna daga 1414 zuwa 1418. Baraden suka yi ƙarar Polan, wai ta haɗa kai da arna. Shugaban jami'ar Karako, Bulus Wlodkowic, ya tashi ya ce ko arne yana da hakkin ƙasarsa da dukiyarsa in yana zaman lafiya, ba a kuwa shigar da mutum addini da kaifin takobi.

Kada ku ɗauka abu biyun nan ɗaya ne. Baraden baƙi ne da suka zo cin ƙasar wasu, jama'ar Shehu kuwa malaman ƙasa ne da almajiransu, suka fara da wa'azi shekara wajen 30 kafin a zare takobi, suka bar littattafai masu yawa. A Polan sarki ya ci, a Zazzau tuta ta ci. Amma ku dubi ƙarshe. A 1525 shugaban baraden, Albrecht, ya tuɓe mayafin, ya durƙusa gaban sarkin Polan a Karako, ya mai da Furushiya sarautar gado. A Zariya ma tuta ta zama gadon sarauta, gida huɗu suka riƙa karɓa: Mallawa, Barebari, Katsinawa da Sulluɓawa. Sarki goma, zamani goma.

Ya ku 'yan makaranta, a aji ɗaya akwai jikokin waɗanda suka shigo da tuta, da na waɗanda suka bi Makau, da na ƙauyukan da dawakin ɓangarorin biyu suka tattake. Kowane gida da yadda yake ba da labarin. In kun ji an laƙaba wa wata jama'a suna don a halatta jininta, ku tambayi wanda ya laƙaba, ku nemi abin da ita ta ce. Bello ya ajiye takardar Shehu Laminu kusa da tasa. Mai karatun tarihi ma haka ya kamata ya yi. Allah ya ba mu zaman lafiya, amin.