Yusufu Bala Usman da Tushen Mazhabar Tarihi ta Zariya

Abin da masana ke kira mazhabar tarihi ta Zariya, wato salon nazarin da ya ƙi amincewa da ƙabila a matsayin mabuɗin fahimtar al'amuran da suka shuɗe, ya samo asali ne a Samaru bayan kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, lokacin da Farfesa Abdullahi Smith ya baro Ibadan ya jagoranci sashen tarihi, ya kuma karkatar da ɗalibansa ga takardun Larabci da na Ajami da ke hannun malamai da labaran da ke bakin dattawa, maimakon su dogara ga rahotannin jami'an mulkin mallaka. Smith ne ya share fagen, amma wanda ya ba wa wannan salo kaifi, ya fitar da shi daga aji zuwa dandalin siyasa, shi ne ɗalibinsa Dokta Yusufu Bala Usman, wanda aka haifa a Musawa a 1945, jikan Sarkin Katsina Muhammadu Dikko.

Littafin da ya fito daga kundin digirinsa na uku, wanda ya bi sauye-sauyen ƙasar Katsina daga 1400 zuwa 1883, kuma maɗaba'ar jami'ar ta buga shi a 1981, ya rushe fassarar da ta daɗe tana yawo cewa jihadin ƙarni na 19 rikici ne tsakanin Fulani da Haɓe, domin ya nuna cewa saɓanin ya taso ne daga cikin tsarin sarauta kansa, wato dangantakar da ke tsakanin masu mulki da malamai da attajirai da manoma da makiyaya, kuma kowane ɓangare ya ƙunshi mutane masu asali daban-daban. Ko matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda marubuta da yawa suke ɗaukar maganarsa tamkar yankan wuƙa, bai tsira ba, don Bala ya yi masa tambayoyin da ake yi wa kowane mai shaida: da wa ya zauna a Katsina, wa ya faɗa masa, kuma da wane tunani ya iso. Irin wannan taurin kai ya fi kowane abu amfani ga ɗaliban Samaru, ko da yake ya jawo masa abokan gaba da dama.

Bai tsaya ga alli da allo ba. A kwamitin mutum 49 da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa a 1975 don tsara kundin mulki, shi da Dokta Segun Osoba sun ƙi sa hannu a rahoton masu rinjaye, suka rubuta nasu a 1976, wanda gwamnati ta jingine. Ya riƙe muƙamin Sakataren Gwamnatin Jihar Kaduna a mulkin jam'iyyar PRP, ya rubuta littafi kan yadda masu iko ke juya addini don biyan buƙatarsu, kuma da gwamnatin Janar Babangida ta kore shi daga aiki a 1989, ya garzaya kotu ya dawo kan kujerarsa.

Mutum ne da ba ya jiran a gina masa rumfa. Tare da abokan aikinsa ya kafa cibiyar nazarin dimokuraɗiyya da horaswa da aka sani da CEDDERT a Hanwa, tsakanin Samaru da Sabon Gari, inda ake bincike ana kuma buga littattafai ba tare da neman iznin hukuma ba. Bayan rasuwarsa ranar 24 ga Satumba 2005, wannan cibiya ce ta ɗauki nauyin laccar tunawa da shi da tattara maƙalunsa, kuma ita ce a 2019 ta buga rahotonsa da Osoba, shekara 43 bayan rubuta shi.