Ɗan Mahauci da Kiɗan Sabuwar Duniya

A cikin shekarar 1892 mutanen Amurka suka yi gagarumin biki, domin shekara 400 ke nan cif tun da Kolombos ya ƙetare teku ya sauka a wancan ɓangare na duniya. Ƙasa ta yi arziki, ga jiragen ƙasa, ga masana'antu, amma abu guda yana damun manyansu: ba su da kiɗa nasu na kansu. Duk abin da ake kaɗawa a manyan zaurukansu daga Turai aka aro shi, galibi daga Jamus.

To, akwai wata mace mai dukiya, sunanta Jeannette Thurber, wadda ta kafa makarantar koyon kiɗa a birnin Niyok. Ita ce ta aika ƙasar Bohemiya, inda yanzu ake kira Jamhuriyar Cek, ta gayyato wani gwani ya zo ya shugabanci makarantar. Ana rubuta sunansa Antonin Dvorak, ana faɗarsa Doborjak. An haife shi a 1841, ubansa mahauci ne a wani ƙauye. Ta yanka masa albashin dala 15,000 a shekara. Ya sauka Niyok cikin Satumba, ana tsakiyar shirin bikin.

A makarantar nan ya tarar da wani saurayi baƙar fata, Harry Burleigh, wanda kakansa ya yi bauta. Yaron kuwa Allah ya ba shi murya. Sai Doborjak ya riƙa kiransa gida yana sa shi rera waƙoƙin da bayi suke yi a gonaki da wurin ibada, shi kuma ya yi shiru yana saurare. Abin bai zame masa baƙo ba, gama mutanensa ma a lokacin suna ƙarƙashin mulkin Ostiriya, kuma da waƙoƙin ƙauye suka riƙe harshensu.

Daga Janairu zuwa Mayu na 1893 ya zauna ya tsara irin kiɗan da Turawa ke kira simfoni. Shi wannan ba mawaƙi a cikinsa. Makaɗa ne kamar 80 suke zama wuri guda, masu goge manya da ƙanana, da masu sarewa, da masu ƙaho da tambura, kowa da takardarsa a gaba wadda aka rubuta masa abin da zai kaɗa. Nasa kashi 4 ne, yakan ci minti 40 ko fiye. Ya sa masa suna Daga Sabuwar Duniya. A kashi na biyu wata irin algaita mai sanyin murya take fitowa ita kaɗai, a hankali, sai ka ce mai kewar gida. Bai ɗauki waƙar kowa ba, salon kawai ya kama.

Cikin watan Mayun nan ne ya gaya wa wata jarida cewa in Amurka tana son kiɗa nata, to, sai ta gina shi bisa waƙoƙin baƙar fata. Kai, magana ta tashi! Shekara 28 kacal da hana bauta, ga baƙo ya zo yana cewa abin da suke nema yana bakin 'ya'yan bayi. Waɗansu masana, musamman na birnin Bostan, suka ƙi yarda ƙememe.

Ranar 16 ga Disamba 1893 aka fara kaɗa shi a zauren Carnegie, Anton Seidl ne ya ja makaɗa. Kowane kashi ya ƙare sai tafi ya kaure, har Doborjak ya yi ta miƙewa yana sunkuyar da kai. Daga nan aka shiga gardama, waɗansu su ce kiɗan Amurka ne, waɗansu su ce na Bohemiya ne ya sake riga. Ga alama kowanne yana da rabin gaskiya.

Shi dai bai daɗe ba. Ciniki ya karye a Amurka a shekarar nan, dukiyar gidan Thurber ta taɓu, albashi ya riƙa makara. A 1895 ya koma gida, ya rasu a 1904.

A 1922 wani almajirinsa, William Arms Fisher, ya ɗora wa kiɗan algaitar nan baitoci, aka shiga rera su a coci da wurin jana'iza, har mutane da yawa suka ɗauka tsohuwar waƙar bayi ce. A 1969 kuma, da Neil Armstrong zai tafi duniyar wata, ya tafi da kiɗan a cikin kaset.