Carmen Jones (1954): Tarihin fim ɗin da aka wanko daga opera, da masu muryoyin da ke cikinsa

Yau na kawo muku tarihin wani tsohon fim na Amurka mai suna Carmen Jones. Ko a wajen masu tura finafinai a waya na nan Ƙofar Marusa da wuya ka ji an ambace shi, amma abubuwa biyu da muke yawan musu a kansu game da finafinanmu, wato wankiya da aron murya, duk suna cikinsa.

Mece ce opera?

Opera wasan kwaikwayo ne na dandamali wanda ake rera kusan duk maganganunsa da waƙa, taron makaɗa na binsu da goge da algaitun Turawa da ganguna. Asali babu lasifika, don haka dole muryar mawaƙi ta haye kan kiɗan ta isa kujerar ƙarshe. Shi ya sa ake shekaru ana koyon irin wannan rerawa.

Asalin labarin

Wani marubuci Bafaranshe, Prosper Mérimée, ya fitar da labarin Carmen a 1845. Georges Bizet ya sa masa kiɗa, aka fara nuna shi a birnin Paris ranar 3 ga Maris, 1875. Labarin wata budurwa ce mai aiki a masana'antar taba sigari a Seville ta ƙasar Sifaniya. Ta ja hankalin wani soja har ya bar aikinsa da budurwarsa, daga baya ta koma wa wani gwanin wasa da bijimi, kamar dai 'yan hawan ƙaho a wajenmu. Kishi ya sa sojan ya kashe ta.

Da farko mutanen Paris sun yi tir da wasan, suna cewa rashin kunya ya yi yawa. Bizet ya rasu wata uku cif bayan haka, yana da shekara 36, bai ga ɗaukakar aikinsa ba. Wani abu kuma, waƙar da ta fi shahara a ciki, Habanera, shi ma aro ya yi daga wani mawaƙin Sifaniya, Sebastián Iradier, bisa zaton waƙar gargajiya ce. Da ya gano mai ita, sai ya sa aka rubuta sunansa.

Yadda ta koma ta baƙaƙen fata

A 1943 Oscar Hammerstein II ya bar kiɗan Bizet kusan yadda yake, ya rubuta sababbin baitoci da Turanci, ya mayar da labarin Amurka lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Carmen ta koma ma'aikaciya a inda ake ɗinka laimar dirowa daga jirgin sama. Sojan ya zama Joe, mai burin koyon tuƙin jirgi, mai wasa da bijimi kuma ya zama ɗan dambe, Husky Miller. Duk 'yan wasan baƙaƙen fata ne, kuma an nuna shi sama da sau 500 a New York.

Haɗa fim ɗin

Darakta Otto Preminger ne ya mayar da shi fim, kamfanin 20th Century Fox ya sa kuɗin, waɗanda ba su kai dala miliyan ɗaya ba. An ɗauke shi da kala, a faffaɗan allo irin na CinemaScope, ya fito a Oktoban 1954. Harry Belafonte ne Joe, Dorothy Dandridge kuma Carmen. Da farko daraktan ya ga kamar Dandridge ta cika natsuwa, ba za ta iya ba. Sai ta sake dawo masa da shiga da taku irin na Carmen, nan take ya ba ta.

Muryar wa muke ji?

To ga inda gizo ke saƙa. Belafonte mawaƙi ne, Dandridge ma mawaƙiya ce, amma babu ɗayansu da ya rera waƙarsa a fim ɗin, domin kiɗan Bizet na son murya irin ta opera. LeVern Hutcherson ne ya yi wa Belafonte, Marvin Hayes ya yi wa ɗan damben. Ita kuwa Carmen, muryar Marilyn Horne ce, wata farar fata 'yar shekara 20 da ba kowa ya san ta ba a lokacin. Sai da ta zauna ta saurari yadda Dandridge ke magana da waƙa, ta kwaikwayi muryarta. An fara naɗar waƙoƙin a sutudiyo ƙarƙashin Herschel Burke Gilbert, sannan jarumai suka bi da baki a gaban kyamara. Pearl Bailey da Olga James su ne suka rera nasu da kansu.

Kun ga ashe ba Indiya kaɗai ke da su Lata Mangeshkar da Mohammed Rafi ba, kuma ba mu kaɗai ke jin Nura M. Inuwa ko Fati Nijar a bakin wani jarumi ba. Sai dai ni a ganina, abin da ciwo a ce fim ɗin da aka yi don nuna baiwar baƙar fata, babbar muryarsa ta farar fata ce. Shekara biyu kacal bayan haka Belafonte ya fitar da kundinsa Calypso, ya sayar da sama da kwafi miliyan ɗaya da muryar da aka ce ba ta dace ba.

Abin da ya biyo baya

Dandridge ta zama baƙar fata ta farko da aka sa a takarar Oscar ta babbar jaruma, amma Grace Kelly ta lashe. Sai a 2002 Halle Berry ta ci wannan lambar, ita ce kuma ta fito a matsayin Dandridge a fim ɗin tarihinta na 1999. Dandridge ta rasu a 1965 tana da shekara 42. Marilyn Horne kuwa ta zama babbar tauraruwar opera, har ta fito a Carmen ta asali a New York a 1972. A Faransa ba a saki fim ɗin a sinima ba sai 1981, saboda rigimar haƙƙin mallaka da magadan marubutan baitocin asali.

Afirka ma ta taɓa labarin. A 2001 Joseph Gaï Ramaka ya yi Karmen Geï a Senegal da gangunan Doudou N'Diaye Rose. An dakatar da nuna shi a Dakar bayan mabiya ɗariƙar Muridiyya sun yi zanga-zanga kan yadda aka yi amfani da ƙasidun Shehu Ahmadu Bamba a ciki. A 2005 kuma U-Carmen eKhayelitsha na Afirka ta Kudu, wanda aka rera da harshen Xhosa, ya ci babbar lambar bikin finafinai na Berlin.

Shawarata ga furodusoshinmu ita ce, in za a wanko labari a faɗi inda aka samo shi, kuma a rubuta sunan mawaƙi da makaɗi ɓaro-ɓaro a jikin fim, a biya su haƙƙinsu. Ku kuma in kun samu fim ɗin, ku kasa kunne a waƙar Carmen ta farko, ku gani ko za ku iya gane cewa mai motsa baki daban, mai rerawa daban. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.