'Yan Ruwa Daga Kwara Zuwa Kogin Nilu

A shekara ta 1903 Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a yaƙin Burmi. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a suka nufi gabas, har suka zauna a bakin Bahar Azraƙ, kudu da Sinnar, wajen 1906. Garin da suka kafa shi ne Mai Wurno. Bayansu alhazai da manoma da masunta suka yi ta zuwa, ƙauyukan Hausawa suka yawaita a Jazira.

Waɗannan mutane sun taho da labarun kakanninsu. A ƙasar Hausa an daɗe ana zancen 'yan ruwa masu jan mutum zuwa ƙarƙashin gulbi, kuma masu bori suna kiran Sarkin Rafi. A Kwara da Binuwai akwai ayu, dabba mai shayar da ɗanta nono, wadda masunta suke ganin girmanta. Da yawa suna cewa irinta ce asalin labarin mace mai jelar kifi. Ko Kolumbus da ya ga danginta a 1493 kusa da tsibirin Hispaniyola, cewa ya yi matan teku ne.

Babu ayu a Bahar Azraƙ, amma baƙin sun tarar mutanen Sudan suna da nasu. Suna zancen 'yan matan kogi da ake kira Banatul Hur, mata kuwa sukan jefa musu abinci a ruwa, mai jego ta je ta wanke fuska a kogi ran arba'in. Haka labarun biyu suka haɗu a mashaya ɗaya.

To, amma ruwa ba ya tsami banza. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925, aka haƙa magudanai domin noman auduga, sai ƙananan dodon koɗi suka cika su. Ta jikinsu tsutsar tsargiya take yaɗuwa, ta huda fatar mai wanka ko mai ban ruwa. Leburorin gona da 'ya'yansu suka sha wuya ƙwarai, har a 1979 aka buɗe babban shirin lafiya na yankin domin yaƙi da tsargiya da zazzaɓin cizon sauro.

Littafin Farawa ya nuna Allah ne ya halicci dukan abin da ke motsi a ruwa, saboda haka mai bi ba shi da dalilin kai wa kogi baiko. Tatsuniyar dai ta hana yara da yawa shiga zurfi, wannan kuwa alheri ne. Amma yaron da ya dawo daga rafi yana fitsarin jini, asibiti ya kamata a kai shi tun da wuri, gama maganin tsargiya yana nan.