Gandun Dajin Gadabeji

Gandun Dajin Gadabeji keɓantaccen wuri ne na namun daji a arewacin jihar Maradi ta Jamhuriyar Nijar, gaba da garin Dakoro, arewa maso yamma da Tasawa da Mayahi. An keɓe shi a 1955, zamanin mulkin Faransa, faɗinsa kuwa kimanin hekta 76,000 ne. A 2017 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin yankunan da ake kiyaye halittunsu tare da jama'ar da ke kewaye.

Ƙasar jigawa ce, mai ciyawa da aduwa da itatuwan ƙaya jefi-jefi. Akan ga barewa da dila da yanyawa da jan biri, cikin tsuntsaye kuma akwai tuje da ungulu.

Raƙumin dawa ne ya ɗaukaka sunan gandun. Fari da farauta sun kawar da shi daga nan kusan shekara 50, sai a Nuwamban 2018 aka ɗauko guda 8 a manyan motoci daga yankin Kure, kusa da Yamai, tafiyar fiye da kilomita 800. Aiki ne da ya cancanci yabo, domin irin wannan raƙumin dawa na Afirka ta Yamma a Nijar kaɗai ya rage.

Lokacin da ya fi daɗin ziyara shi ne daga kaka zuwa hunturu, kafin zafin bazara ya kankama. Da sassafe akan iske sawun dabbobi raɗau bisa rairayi. Da damina kuma Fulani da Buzaye makiyaya sukan hauro yankin da garkunansu.